Geron Tantabarun Ahmadabad

A kwana na huɗu da saukarmu a Ahmadabad, likita ya sa aka auna Yaya Hajo. Ya dubi ma'auni, ya dubi takardar jininta, sannan ya dube ni, kamar ni ne na cinye abin da ya ragu a jikinta. Ta bakin tafinta ya ce ba zai kai wuƙa ƙugunta ba sai ta yi ƙarfi. Magani nasa ne, zai ba ta, amma abinci namu ne. Ya ba mu mako biyu. In ta ci ta murmure, a yi aiki. In ba ta ci ba, mu koma gida yadda muka zo, ita a kujera mai taya, ni a baya ina turawa, don bizarmu ba ta da haƙurin jira.

Yaya Hajo uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, kuma a bayanta na yi wayo. Shekara arba'in tana dama fura a kasuwar Gesheme, har ranar da ta zame a bakin rijiya ƙugunta ya tsage. Masu ɗori suka yi nasu, asibitin Dogondutsi ya yi nasa, shekara biyu ba ta taka ƙasa ba. Ɗanta Abdurrazak, mai sayar da wayoyi a Kwatano, shi ya ɗauki nauyin kai ta Indiya. Shagonsa ba ya barin sa tafiya, sai dangi suka zaɓe ni in raka ta, wai ni ne mai ilimin gidan. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da Faransanci da labarin ƙasa. Na sha zana Indiya a allo, da kogunanta da duwatsunta, na kuma sha hukunta yara a kanta. Abin da ban taɓa faɗa wa yaran ba, don ni ma ban auna shi ba, shi ne Faransancin da na ƙare rayuwata ina gogewa ba ya sayo ko ruwan sha a can.

Dole in faɗi laifina tun yanzu. Yaya ta ƙulla guzurinta tun daga gida: garin gero, busasshen dawo, kuka, daddawa. A filin jirgin Yamai na cire ƙullin daga kayanta na miƙa wa direban da ya kawo mu, don na karanta cewa doka ta hana. A cikin jirgi muka zauna kusa da wata Basakkwatiya mai jaka cike da kilishi da yaji, ƙamshinsu har wurin matuƙi. Da muka sauka ba wanda ya ce mata ko sannu. Yaya ta bi jakar da kallo har ta ɓace, sannan ta juyo.

“Mushe,” ta ce, “ita wagga ba ta yi lakwal ba, ko?”

Lakwal ita ce makarantar boko a wurinmu. Mushe kuwa, wato Monsieur da ake ce wa malaman lakwal, shi take kira na in tana so ta wanke ni cikin ladabi.

Masaukinmu yana bayan asibitin, kuma yana da ɗakin girki nasa. Ranar farko suka kawo shinkafa da wata miyar wake mai ruwa-ruwa. Yaya ta kai cokali ɗaya baki, ta tsaya, ta nemi inda za ta tofar.

“Wagga miya ce ko shayi?”

Na ɗanɗana. Sukari ne a ciki, da gangan, ba kuskuren mai girki ba. Mutanen wannan jiha haka suke son miyarsu. Tun daga ranar ba abin da ke shiga cikinta sai ruwan zafi da rabin ayaba. Saboda haka da likita ya gama maganarsa, na ɗaura wa kaina aiki guda: in shiga birnin nan in nemo gidan abincin da Yaya za ta iya ci.

Na fara da tafinta, wani mai ƙaramin gemu da ya taɓa zama a Abijan. Ya ce in bar masa komai. Ya kai ni wani gida a saman bene, inda mai tsaron ƙofa ya fi préfet ɗinmu, babban jami'in gwamnati na yankinmu, kyawun kaya. Aka kawo faranti na azurfa mai faɗin faifai, an jera ƙananan kwanoni goma sha ɗaya a gefensa, ko wanne da launinsa: kore, ja, rawaya, fari. Masu hidima suna zagayawa babu takalmi, babu ƙara, kwano bai kai rabi ba an sake cika shi. Ni da na taso inda tuwo ɗaya da miya ɗaya ke riƙe gida shekara, na zauna ina kallon ƙasar da ta ɗauki wake da ganye ta yi musu hidimar sarakai. Na ci har kunya ta kama ni. Tafinta ya ci fiye da ni, kuma daga baya na gane duk baƙon da ya kai gidan yana da rabonsa a ciki. Aka ƙulla wa Yaya nata a ƙananan robobi. Na jera mata su a kan gado ina bayani kamar mai gabatar da darasi.

“Ɗiyan wa suka yi wasan girki?” ta ce. Ta shinshina uku, ta juya fuska bango.

Da yamma Abdurrazak ya kira. Yaron kirki ne, mai riƙo da sunna, wandonsa bai taɓa sanin idon sawunsa ba.

“Kawu, ina kuka sayo abincin?”

Na gaya masa.

“Subhanallahi. Kawu, ku da iliminku? Ku nemi wurin Musulmi. Duk inda kuka ga gunki, kar ku ko tsaya a inuwarsa.”

Na karɓi wannan fatawa da hannu biyu, don ta rage mini birnin da rabi. Washegari na sallami tafinta daga harkar abinci, na tari adaidaita da kaina. Na ɗaga hannuwa kusa da kunne kamar mai kabbara, na kuma nuna baki. Direban ya gane sarai. Sai dai a hanya na lura mun tsallake kogi ɗaya sau uku, ta gada uku daban. Da ban koyar da labarin ƙasa ba da na ce birnin koguna uku gare shi. Ban yi faɗa ba. Da wane baki? Kuma in faɗi gaskiya, gadojin sun cancanci kallo.

Unguwar Musulmi tana cikin tsohon gari, bayan wata ƙofar dutse mai baka uku. Can na ga tukwanen da za a iya yi wa yaro wanka a ciki, an liƙe murfinsu da ƙullun fulawa don kada tururi ya tsere. In aka fasa liƙin, ƙamshi ya tare layi gaba ɗaya. Naman akuya yana rabuwa da ƙashi tun kafin yatsa ya kai gare shi. Wani dattijo mai jan gemu ya ji na yi sallama, ya rungume ni, ya zaunar da ni a kujerarsa, ya hana ni tashi sai da na ci faranti biyu. Kwana uku ina zarya unguwar, kullum sabon gida, kullum sabon abin mamaki. A nan ma akwai abin kunya: ni ina ƙiba, mai jinya tana ramewa.

Yaya ta gwada, ba zan yi mata ƙarya ba. Ta kai shinkafar baki sau biyu, ta tauna, ta ciro wani ɗan koren ƙwaya daga haƙorinta ta duba.

“An dahwa shinkahwar ga da humra?”

Ba yaji ne ya dame ta ba, mutuniyar Arewa ba ta gudun barkono. Ƙamshin ne. Kanumfari, kirfa, ruwan fure. A wurinta waɗannan kayan ɗakin amarya ne, ba na tukunya ba.

Ranar da mako ya cika, na dawo da azahar da wata sabuwar leda, na tarar ko ayabar safe ba ta taɓa ba. Zoben hannunta ya sauko har gaɓar yatsa. Ba ta yi mini ba'a ba, wannan ya fi komai tayar mini da hankali.

“Namata,” ta ce, da sunana na yanka. “Aje ledar. Kai ni gida.”

“Yaya, saura mako guda.”

“Na ji. Ni dai ba ni son a rufe ni inda ba a san hatsi ba. Kai ni gida, in sha hura ko ludayi guda, sannan Allah ya yi abin da ya so.”

Na fita baranda na tsaya. A ƙasa motoci da babura da shanu suna ratsa juna ba mai taɓa wani. Ludayi guda take roƙo, kuma ni da hannuna na miƙa wa direba shi a Yamai.

Da safe na koma tsohon gari ba tare da sanin abin da nake nema ba, na kuwa ɓata. Lungunan can sun fi na kowace kasuwa da na sani matsi, gidaje na katako an sassaƙa musu furanni da dawaki har saman taga. Ina cikin tafiya sai lungu ya buɗe ya zama ɗan fili, a tsakiyarsa wata hasumiya. Ginshiƙi guda ne dogo, a kansa an ɗora ɗaki mai rufi da baranda, an yi masa ado da koren fenti da sassaƙa kamar mumbarin babban masallaci. Na ɗauka wurin ibada ne, na fara ja da baya saboda Abdurrazak. Sai na ga masu ɗakin. Tantabaru ne, ɗaruruwa, suna shiga suna fita. Wani mutum mai farar riga, da alama ofis za shi, ya hau ɗan tsani ya zuba musu hatsi a faranti, ya haɗa tafukansa, ya sauko ya hau babur ɗinsa.

Na daɗe a tsaye. A garinmu, in gero ya fara ido, ba mai sauran barcin rana. Yara da gwangwani, mata da ihu, tsofaffi da majajjawa, gari guda yana yaƙi da tsuntsu. Kakanmu ya mutu yana tsine wa tsuntsun nan jan-baki. Ga wasu bayin Allah sun gina wa tsuntsu bene, sun yi masa ado, suna kai masa kalaci kafin su tafi aiki. Ban san ko su ne suka haukace ko mu ne yunwa ta hana mu wani abu ba.

Ƙwayoyin da tantabarun suka watso suna zube a ƙasa. Na dube su sau ɗaya, na durƙusa. Na tsinci guda na murza, na kai haƙori. Gero ne. Ba mai kama da gero ba, gero, irin wanda ke cikin rumbun Yaya, sai dai ya ɗan fi namu toka-toka.

Ina durƙushe ina tsinta, da babbar riga da tabarau, tantabaru suna ture ni, sai na ji an dafa kafaɗata. Wani tsoho ne mai sayar da hatsin tsuntsaye a gindin hasumiyar. Ya dube ni da tausayi, ya miƙo mini ayaba biyu daga guzurinsa. Na gane abin da ya ɗauke ni, ban kuma yi fushi ba, don ni ma da na ga kaina haka zan ɗauka. Na ciro waya na nuna masa hoton Yaya a gado. Na nuna geron, na nuna bakinta. Na yi alamar tuƙi, na yi alamar sha. Ya kalle ni ya kalli hoton.

“Bajri,” ya ce, yana nuna geron. “Rotla.” Ya tafa hannuwansa a hankali, dama kan hagu, hagu kan dama, kamar mai faɗaɗa wani abu.

Ya cika mini hankici da gero, ya ƙi karɓar komai. Ya tambayi inda nake, na nuna masa katin masaukinmu. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya yi rubutu a bayan katin da baƙaƙensu masu kama da ƙugiyoyi, ya tsayar da adaidaita da kansa, ya yi wa direban kashedi da yatsa. Wannan karon kogin sau ɗaya muka tsallake.

Direban ya tsaya a layinmu. Na ce ba masauki nake nufi ba. Ya nuna mini wata rumfar kwano, taki talatin daga ƙofarmu. Na san ta. Kullum sau huɗu nake wuce ta ina kawar da kai, don a bakin ƙofarta akwai ɗan gunki mai kan giwa, da furanni a wuyansa da turaren tsinke yana hayaƙi. Na zaga birnin da ya fi Yamai girma nesa ba kusa ba, abin da nake nema yana inda nake tofar da ruwan asuwaki.

Na tsaya na yi wa kaina jarrabawa, kamar yadda na saba yi wa wasu. Gidan nan ba a yanka komai a cikinsa, ko ƙwai ba ya shiga. To ina maganar yanka ta taso? Ban gama ba iska ta juyo da hayaƙin murhu, ta kawo mini ƙamshin gero a kan wuta. Na yi bisimilla na shiga.

Leburori ne a ciki da direbobi, suna ci da hannu a kan benci. A gefe, ƙarƙashin rumfar, wata tsohuwa tana zaune a ƙasa gaban murhun itace, hannuwanta da zanen shuni har gwiwar hannu kamar na matan Fulanin Sukukutane. Ta gutsuro ƙullu, ta murza shi da dunduniyar hannu, ta tafa shi tsakanin tafukanta har ya yi faɗin faranti, ta kwantar a kan kaskon yumɓu. Babu muciya, babu mai. Ya kumbura, ya yi tabo baƙi-baƙi. Na buɗe hankicina a gabanta. Ta duba, ta nuna buhun da take jingine da shi. Na nuna mata hoton Yaya. Ta daɗe tana kallo, ta ce wani abu da ƙarfi, aka kawo mata kwanon ƙarfe da buta cike da nono tsala mai sanyi, wanda suke kira cas. Ta ɗauki gurasar geron da zafinta, ta marmashe ta da yatsu cikin nonon, ta dama, ta miƙo mini.

Na kurɓa. Shekaruna sittin da biyu, na yi kuka a gaban leburori.

Na hau bene da kwanon a hannu biyu kamar mai ɗauke da jariri. Na ajiye kusa da fuskarta. Hancinta ya fara motsi kafin idonta ya buɗe.

“Wa ya zo daga gida?”

“Ba kowa, Yaya. Na nan ne.”

Ta sa na tayar da ita zaune. Ta sa yatsa ta lakato, ta murza a harshe, sannan ta yanke hukunci irin na alƙali.

“Hatsi ne,” ta ce. “Ba su surfe shi ba. Ba citta, ba kanwa. Wanda ya dama wagga bai taɓa ganin hura ba.” Ta kafa kai, ba ta ɗago ba sai da ƙarfen kwanon ya bayyana. “Akwai saura?”

Sau biyu na sake sauka benen a ranar. Da Abdurrazak ya kira, na gaya masa gaskiya, har da mai kan giwa. Ya fara jan numfashin wa'azi, Yaya ta fizge wayar.

“Kai Abdu. Gidan da aka haihi uwarka akwai ɗakin doguwar bori tsakar gida, kuma hurar gidan ka sha har ka tsiro gemen da kake taƙama da shi. Hatsin ga shi ma tsahi yake yi?”

Wa'azin Abdurrazak ya tsaya a nan. Can ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, “Inna, kin ci da yawa?”

“Kwano uku.”

“Alhamdu lillahi. Ki dai riƙa yin bisimilla.”

“Tun ba a haihe ka ba nike yin ta.”

Likita ya ƙara mana kwana huɗu bisa mako biyunsa, sannan ya yi aikin. Awa biyar na yi a zaune a wani zaure mai sanyi wanda aka goge daɓensa har ina ganin fuskata. Da ta farfaɗo, abin da ta fara tambaya shi ne ko an gaya wa tsohuwar.

Bayan mako uku muna masauki, wata ma'aikaciya tana zuwa koya mata tafiya da wani ƙarfe mai ƙafa huɗu. Yaya ta yi taki biyar a baranda ta koma ta zauna. Ta ce ita ba ta taɓa tafiya ba wurin zuwa ba, ba kuma za ta fara da tsufanta ba. In tafiya ake so, a kai ta ta ga mai dama mata hatsi.

Takin nan talatin nawa sun ci mana kusan rabin awa. Ta ɗaga ƙarfe, ta ajiye, ta jawo ƙafa, ta tsaya ta zagi ƙarfen. Masu babura suna kauce mata, wani mai shago ya fito da kujera yana bin mu da ita ko za a buƙata. Ba a buƙata ba.

Tsohuwar ta gan mu tun daga nesa, ta miƙe tsaye da garin gero a hannuwanta. Yaya ta tsaya a gabanta ta fara gaisuwa, cikakkiya, ba ragi: ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina ɗiya, ina aikin wuta. Tsohuwar tana amsawa da nata harshen, tana jero nata tambayoyin. Ba wadda ta ji ko kalma ɗaya, ba kuma wadda ta katse wata. Da suka gama, Yaya ta nuna ƙullun. Aka zuba mata ruwa ta wanke hannu, aka gutsura mata. Ta murza, ta fara tafawa. Ya tsage biyu, rabi ya faɗi ƙasa. Tsohuwar ta yi dariya har haƙoranta biyu suka fito, ta sake ba ta wani, ta kama hannuwanta tana nuna mata.

A nan na lura. Hannun Yaya na dama yana kan ƙullu, na hagu yana ƙarƙashinsa. Ƙarfen yana gabanta ba mai riƙe da shi. Yaya Hajo tana tsaye da ƙafafunta, a bakin titin Ahmadabad, tana faɗa da gurasa, ba ta ma sani ba. Na buɗe baki in gaya mata, na ji tsoron kada ta farga ta faɗi, na rufe.

“Namata,” ta ce, ko waiwayowa ba ta yi ba. “Matar ga tana da hannu, ilimi ne ba ta samu ba. Tambaye ta ko tana da turmi.”

Na ajiye jakata a kan benci, na naɗe hannun riga, na dunƙule hannuwana ɗaya bisa ɗaya, na fara daka iska.